Toka, Motar Baffa Tanimu

Duk wanda ya san Baffa Tanimu ya san ba ya gaisawa da mai mota sai ya fara gaisawa da tayoyinta. Za ka tsaya a ƙofar gidansa a Gyaɗi-Gyaɗi, ka fito ka gyara zaman babbar riga, ka miƙa masa hannu biyu, shi kuwa ya wuce ka kamar bai gan ka ba, ya tattare rigarsa ya tsuguna a gindin taya. Ya danna ta da babban yatsa, ya leƙa zanenta, ya zagaya ya duba sauran ukun. Sai ya gama sannan ya miƙe yana dafe da gwiwa ya ce, "Af, Alhaji, ashe kai ne? Sannu da zuwa." Wasu su yi dariya, wasu su ƙullace shi har abada. Shi dai ko a jikinsa.

Tun da aka yi sadakar arba'in ɗinsa 'yan'uwa suke bina wai in rubuta wani abu a kansa, tunda ni na fi kowa daɗewa a gabansa. Na ce ku rufa mini asiri. Ni ma'aikaciyar jinya ce, yini nake a tsaye a asibitin koyarwa, in na dawo gida ƙafafuna kamar an hura su, ko cokali ba na son ɗagawa balle biro. Amma kun ƙi barina in huta, to ga shi nan. Wanda ya ga kansa a ciki ya yi haƙuri, ku kuka nema.

Ga wanda bai san yadda muke ba, Baffa yayan mahaifina ne. Ina 'yar shekara bakwai aka kawo ni gidansa bayan auren iyayena ya mutu, mahaifin nawa ma bai daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa. Sunan kakarmu na ci, saboda haka Baffa bai taɓa kama sunana ba, sai dai Uwata. Shi ya sa ni a makaranta, shi ne waliyyina, kuma saura ƙiris ya hana ni auren mutumin da nake so a kan maganar mota. Can zan kai ku, amma sai kun fara sanin motar tukuna.

Fataucin riɗi da citta Baffa yake yi, kuma Allah ya yi masa buɗi tun da wuri, irin buɗin da ba a shelarsa. Ranar da ya sayo motarsa, sabuwa dal ƙirar Jamus, bai zo da ita gida ba. Wurin bakanike ya zarce, ya sa aka cire tambarin da ke gabanta, aka ɓamɓare haruffan da ke baya, aka kwance duk wani abu mai ƙyalli. Daga nan sai wurin tela, aka ɗinka wa kujerun fata riga da yadin katifa. Launinta kuwa na toka, shi ya sa muke ce mata Toka. Da ya shigo da ita layinmu, matarsa Inna Yalwa ta leƙo ta daɗe tana kallo.

"Alhaji, mota ka sayo ko bokitin wanka?"

"Shiga ki ji," in ji shi.

Ta shiga ya rufe mata ƙofa. Ta ce wallahi kamar an toshe mata kunne da auduga, ko kukan akuyar maƙwabta ba ta ji. Amma duk da haka har yau Bokiti take kiranta.

Dokokin Toka uku ne. Ba mai tuƙa ta sai shi. Ba ta fita bayan magariba. Sannan ba a buga ƙofarta. "Yatsa biyu," zai ce, ya ɗaga su a gaban hancinka. "Tura ta kawai, ita ta san hanya." Wannan doka ta uku har cikin gida ta bi mu, don duk ƙofar da ke gidan nan sai da ya sa aka manna mata guntun robar tsohuwar taya. Mutane suka ce son mota ya taɓa Alhaji. Mu ma da muke ciki haka muka ce.

In kuwa ka kuskura ka tambaye shi me yake nema a taya, ka jawo wa kanka karatu. "Fenti don mutane ake yin sa," zai ce. "Kowa yana iya wanke mota ya goge ta ta yi ta walƙiya. Amma taya huɗu iri ɗaya, masu zane, ga ta biyar irinsu a but tana jiran ranarta, wannan sai wanda ya ci ya ƙoshi kuma hankalinsa a kwance. Ku riƙa duba taya."

Abin da da yawanku ba ku sani ba sai bayan rasuwarsa shi ne Toka ba ɗaya ba ce. Uku ya yi. Duk bayan wasu shekaru sai ya fita da tsohuwar da safe, ya dawo da sabuwa da yamma, launi ɗaya, an cire tambari, an mayar mata da rigar katifar nan. In fasalin ya ɗan sauya, 'yan unguwa su ce gyara aka yi mata. Da kunnena na ji wani maƙwabci ya tare shi bayan sallar la'asar, motar ko sati ba ta yi ba, ledarta ma tana nan a ƙarƙashin rigar kujera.

"Alhaji, Allah dai ya hore maka ka rabu da tsohuwar nan. Ai ta yi maka hidima."

Baffa ya ɗaga hannuwa sama. "Amin, amin. A ci gaba da sa mu a addu'a."

Ranar har ƙarin tuwo ya nema.

Kada wani ya ce mini tawali'u ne zalla. Ni na zauna da shi. Baffa yana da fankama, sai dai tasa fankamar ba ta jama'a ba ce, mutum biyu ko uku yake so su gane, sauran duk su raina shi. An taɓa gayyatarsa walima wani babban gida a Nasarawa. Mai gadi ya leƙa ya ga motar, ya daka masa tsawa.

"Kai direba, can waje! Ciki na manya ne."

"To, ranka ya daɗe," in ji Baffa.

Ya ja baya ya ajiye ta a gindin bishiya cikin 'yan acaɓa, yana murmushi. Yana fitowa sai ga wani tsoho da farin yadi mara aiki da silifas, ya sauko daga wata mota ita ma shiru-shiru da ita. Tsohon ya zagaya Toka, ya duba tayoyi, ya nemi izini ya buɗe ƙofa ya mayar a hankali, ya karkata kai yana saurare. Sannan ya dubi gurbin tambarin ya ce, "Alhaji, kai ma ka cire?" Baffa ya ce, "Na cire." Suka yi musabaha, kowa ya kama gabansa, ko sunan juna ba su tambaya ba. Shekara goma muna shan wannan labari, har na haddace inda zai tsaya ya kurɓi shayi.

Kishiyar wannan kuwa ta faru a layin mai, zamanin da ake yini a gidan mai kamar ana zaman makoki. Tun bayan asuba Baffa yake layi, azahar ta kusa, saura mota biyar a zo kansa. Sai wani ɗan bumburutu mai sayar da mai a galan, wanda da alama ya taɓa aikin gareji, ya kasa kunne ya ji yadda injin yake numfashi. Ya kurma ihu. "Kai jama'a, ku zo ku ga mota! Wallahi duk layin nan ba kamarta, ɓad da kama aka yi mata!" Mutane suka fara taruwa. Baffa ya murza sitiyari ya fice daga layin, ya dawo gida da tanki a bushe. Kwana uku yana zuwa kasuwa a motar haya, ba ya yi wa kowa magana.

Sai ga shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki. Kun tuna yadda ƙaramar hukumarmu ta Tarauni ta koma. Ko ina fasta, har jikin akwatin mai shayi. Waɗanda jiya muke ganinsu a benci suna gardamar ƙwallo, yau sun zama 'yan takara. Wata rana 'yan jam'iyya suka shigo layinmu suna neman mai hali da za su ɗora wa hidimar mazaɓa, su kira shi uban tafiya. Jagoransu wani Ɗanliti ne daga Daurawa. Suka tsaya a bakin get, Ɗanliti ya leƙa rumfa ya hango Toka da rigar katifarta.

"Ku mu wuce," in ji shi. "Wannan ɗan fansho ne, kar mu ɗora masa nauyi."

Baffa yana zaure yana jin su. Suna karya kwana ya shigo gida fuska a washe, ya ce wa Inna a yanka zakara. Ta ce na me? Ya ce, "Toka ta yi mini aikin da ko lauya ba zai yi ba."

Ɗanliti ya ci kansila. Wata biyu ba a yi ba ya dawo yawon godiya a cikin wata jar jif mai baƙin gilas da labule, hon ɗinta in an danna waƙa take yi. Mu da muke asibiti mun gaji da irin motocin nan tun kafin a je ko ina, don mu ake kawo wa waɗanda suka kaɗe. Ya sauko yana baza hannun riga, Baffa kuwa ya wuce shi ya tsuguna. Ya zagaya ya dawo.

"Honarabul, uku dai 'yan'uwa ne. Ta bayan nan ta hagu agola ce."

"Baba, ai ba a duba wannan yanzu."

"Ina safaya?"

"Baba, mu da muke gwamnati ina mu ina faci?"

"To Allah ya sa gwamnati ba ta taka ƙusa," in ji Baffa.

To, yanzu mun zo kaina. Akwai wani a ɗakin gwaje-gwaje na asibitinmu, mutumin Darmanawa, wanda a lokacin nake iya kiran sunansa gatsau, Nura. Mutum ne mai sanyi, in yana magana sai ka matso. Abin hawansa wani tsohon babur ne. Mun daidaita, ya ce zai zo ya gaida Baffa kafin ya turo manya. A nan na tafka wautar da har yau in na tuna sai na rufe fuska. Shekara kusan ashirin ina gidan mutumin nan, ina ganinsa yana tsugunawa a gaban motoci, amma abin da kaina ya ba ni shi ne mota yake dubawa. Na ce wa Nura, "Don Allah kada ka zo da babur ɗin nan. Baffa mutumin mota ne. Ka nemo ko ta aro ce." Ya ce shi bai ga dalili ba. Na yi fushi, ya sauko. Ban tambaye shi wurin wa zai aro ba, shi kuma bai faɗa mini cewa ajinsu ɗaya da Ɗanliti a sakandare ba.

Ranar Asabar da la'asar ina ɗakin girki, tagarsa tana kallon rumfar Toka da bakin get, na shirya tiren shayi na riƙe a hannu. Sai na hango jan abu ya toshe layi. Jif ɗin Ɗanliti ce. An cire tutar jam'iyya, an ɗaye fasta, amma labulen yana nan. Nura ya sauko cikin shadda mai sitaci, ya ga tsoho ya nufo shi, ya bar ƙofa a buɗe ya zube yana gaisuwa. Baffa ya wuce shi. Ya duba ta gaba, ya duba ɗayar, ya zagaya baya ta hagu, sai ya tafa hannu.

"A'a! Agola! Ashe kina nan? Ya gida, ya Honarabul?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baffa ya juyo wurin Nura, wanda gumi ya riga ya jiƙa masa wuyan riga.

"Samari, taka ce?"

"A hannuna take, Baba."

"A hannunka take. Madalla. Buɗe mini but in gaida safaya."

Bawan Allah ya shiga lalube. Ya ja wani abu, bonet ya ɗaga. Ya danna wani, ruwa ya feso a gilas. Ya danna na uku, hon ya kama waƙa, yaran layi suka hau rawa. Baffa yana dariya har da riƙe ciki, hawaye na zubo masa. Da ya tsagaita ya ce, "Ya isa, ya isa. Rufe musu motarsu ka shigo mu gaisa." Na sauke ajiyar zuciya, na ce an tsallake.

Nura ya tura ƙofar jif, ba ta kama ba. Ya sake, ta dawo masa. Ga kunya, ga yara na kallo. Sai ya tattara ƙarfinsa ya maka ta. Gwaram! Ban san lokacin da tiren ya suɓuce daga hannuna ba, kofuna suka tarwatse a ƙasa. Baffa ya waiwayo ya dubi tagar da nake. Da ya mayar da fuskarsa babu sauran dariya a cikinta.

"Ka gaida gida," ya ce wa Nura. Ya shige ya bar shi a tsaye.

Washegari Inna ta kira ni ɗakinta. "Baffanki ya ce ki yi haƙuri, ba yanzu ba." Na ce sai yaushe? Ta ce bai faɗa ba. Ba a yi mu da yi wa Baffa maganar aure ido da ido ba, saboda haka ta bakin Inna ake komai. Ni a ganina talaucin Nura ya gano, ko kuwa aron ne ya ɓata masa rai. Wata huɗu aka yi a haka. In tafi aiki in dawo, in kai masa ruwan alwala, ya ce, "Sannu, Uwata," in ce, "Yauwa, Baffa," shi ke nan. Na rame, na gaji da asibiti, na gaji da gida, na gaji da ganin Toka a rumfa tana hutawa abinta. Ba zan ɓoye muku ba, akwai ranar da na tsaya a gabanta da taɓarya a hannu, na daɗe ina shawara. Manyan Nura sun zo sau biyu, Baffa ya ba su shayi, ya yi musu hirar damina har suka gaji suka tashi.

Inna ta yi iya yinta. Ina jin su wata safiya.

"Alhaji, aron mota laifi ne? Kai ba da rigar aro ka zo neman aurena ba? Har ƙasa take ja."

"Riga ba ta da ƙofa."

"Me ya kawo ƙofa cikin maganar aure?"

Ta fito tana cewa tsufa ya fara taɓa shi.

A wurin aiki na fara ce wa Nura ko dai mu haƙura. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Ya ce, "Laifina ne da na biye miki. Bari in je in gyara." Ban ɗauka da gaske yake ba.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar ina ɗakin girkin nan dai, sai na ji ƙarar babur ta tsaya a bakin get. Na leƙa. Shi ne, da rigar da yake zuwa aiki da ita. Ya kafe babur, ya cire takalmi, ya tsuguna a gaban Baffa.

"Baba, na zo ba da haƙuri. Motar da na zo da ita ba tawa ba ce."

"Na riga ka saninta."

"Wannan shi ne nawa. Ba ni da wani."

Baffa ya tashi da ƙyar, don gwiwa ta fara damunsa a lokacin, ya je ya tsuguna a gaban babur. Ya danna ta gaba, ya danna ta baya, ya shafa sarƙa ya duba yatsansa. "Iri ɗaya ne," ya ce. "Iska daidai. Kana ba sarƙa mai." Sai ya miƙe ya ce, "Biyo ni." Suka shigo rumfa, dab da tagar da nake, na maƙale a jikin bango. Ya yaye tamfol daga kan Toka, ya buɗe ƙofar baya ta dama, inda nake zama tun ina ƙarama.

"Rufe."

Nura ya dube shi, ya dubi ƙofar. Ba wanda ya taɓa gaya masa dokar yatsa biyu, ni dai ban faɗa ba. Ya sa hannu ya raka ta a hankali, yadda na sha ganin yana rufe firjin da ake ajiye jini. Ƙofar ta ce ɗif, kamar an ajiye matashi.

"Sake."

Ya sake. Sau uku ana yi. Sannan Nura ya ce, "Baba, ta ranar nan ba ta kamawa ne sai an buga."

"Na yi zaton haka," in ji Baffa. "Amma ba a ba da 'ya a kan zato. Na ce bari in hana ka in ga yadda kake yi in ranka ya ɓaci."

Ya dafa motar. Da ya ci gaba muryarsa ta yi ƙasa, sai da na kasa kunne.

"Ubanta ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa. In ya dawo gida, ƙofa ce take fara gaya wa iyalinsa abin da zai biyo baya. Yarinyar nan da aka kawo mini ita, shekara biyu in iska ta buga ƙyaure sai mun jawo ta daga ƙarƙashin gado. Ita ta manta, jikinta bai manta ba, ai ka ji kofuna ranar. Na hana buga ƙofa a gidan nan, mutane suka ce son mota ne. To ina son motata, ban musa ba. Amma ba don ita na bi ƙofofi da roba ba." Ya ja tamfol ya rufe Toka. "Ka turo manyanka ranar Lahadi. Su zo da abin da suke da shi, ko jaki ne."

Na zauna a ƙasan ɗakin girki na yi kuka har miya ta kama. Inna ta shigo tana faɗan ƙauri, ta ga fuskata, ta sauke tukunyar da kanta.

Ranar kai amarya ma sai da ya yi halinsa. Ƙawayena da abokan ango sun jera motoci masu walƙiya tun daga bakin get har titi, jar jif ɗin Honarabul a kan gaba, agola da komai. Baffa ya aiko cewa a Toka za a kai Uwata, kuma kafin magariba. Mata suka yi ta guna-guni, wai amarya a motar 'yan fansho da rana tsaka. Sai kuma aka tuna ba mai tuƙa ta sai shi. Ana cikin haka ya fito da wata tsohuwar hula da baƙin tabarau, makulli a hannu. Inna ta riƙe baki.

"Alhaji! Uban amarya ne zai kai amarya? Me mutane za su ce?"

"Za su ce direba ne. Ai sun saba."

Haka ya ja mu daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Darmanawa, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma ya yi ta kamar yana ɗauke da ƙwai. Motocin baya suna ta hon, na Honarabul yana waƙa, mai kura da ruwa ma ya wuce mu. Da muka isa ya fito ya zagayo, ya buɗe mini da kansa. Gwaggona ta kama hannuna na sauko. Ta ƙasan mayafi na ga yatsunsa biyu sun tura ƙofar, na ji ta ce ɗif. Ya koma ya ja motarsa don kada magariba ta same shi a hanya.

Shekaru sun ja tun daga ranar. An yi zaɓe an sake, motocin manya sai ƙara girma suke, jiniya ta hana marasa lafiyarmu barcin rana, ni kuma gwiwata ta fara irin ta Baffa. Toka ta uku tana nan a rumfa, Inna ta ce ba mai taɓa mata Bokiti tana raye. Kwanan baya wani dillali ya leƙa ya taɓe baki ya ce tsohuwa ce, na ce kaico, da mai ita yana nan da yau an yanka zakara. Abban yarana yana zuwa duk Juma'a ya duba iskar tayoyin, har safaya. A gidana kuwa ko autana ya san yatsa biyu, kuma tun da na shiga gidan ban taɓa fasa kofi saboda ƙarar ƙofa ba.

Ya Allah, bawanka Tanimu ya ɗauki marainiya mai firgita ya yi ta tare mata ƙara, bai taɓa gaya mata ba, ya bari ana yi masa dariya. Ka tsare shi daga firgicin kabari da na ranar tsayuwa. Ka yafe masa 'yar fankamarsa, ka haɗa da ƙanensa a cikin gafarar. Ka buɗe masa ƙofar rahamarka, in ya shiga a rufe ta a bayansa a hankali. Amin.